Amana a Asibitin Neman Haihuwa: Jawabi ga Mutanen Dutse da Kewaye



Bahaushe yana kiran matar da ba ta haihuwa juya, kalmar da ake gaya wa saniya, kuma ita ce mai shan gori a bakin kishiya da habaici a gidan suna. Shi kuwa miji, harshe ya yi masa rangwame, ba a cika jin an laƙa masa wani suna ba. Amma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa matsalar takan fito daga mace, takan fito daga namiji, takan kuma fito daga su biyun. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na baligai yakan gamu da rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ke nan wannan magana ta shafi gidaje masu yawa a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu.

Galibi akan fara da maganin gargajiya da rubutu, sannan a je sashen mata na Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. In abu ya faskara, sai a sayar da gona ko a ci bashin albashi, a kama hanyar Kano ko Abuja neman dashe, wato a ciro ƙwan mace a haɗa shi da maniyyin miji a ɗakin gwaji, in ya zama ɗan tayi a mayar da shi mahaifa. Ta wannan hanya aka haifi Louise Brown a Oldham ta ƙasar Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, kuma a 1998 aka haifi Hannatu Kupchi a asibitin Nisa na Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Aikin ya tabbata, babu musu. To, amma wanda ya shiga irin wannan asibiti ya danƙa dukiyarsa da jikin matarsa da nasabar ɗansa ga mutanen da ba ya ganin abin da suke yi bayan ƙofa. Da me zai auna su?

Ma'auni na farko shi ne bincike. Asibitin kirki ba ya ɗora wa mace allura kafin ya auna maniyyin miji, domin awon miji ya fi sauƙi da araha. Haka kuma yakan auna su biyun don ƙanjamau da ciwon hanta. Asibitin da ya bar miji a mota ya shiga da mace ita kaɗai ya bi son zuciyar al'ada, ya bar hanyar ilimi.

Na biyu shi ne lafiyar matar. Allurar da ake yi don ƙwai su nuna da yawa tana iya wuce kima, gidan ƙwai ya kumbura, ruwa ya taru a ciki, numfashi ya yi wuya, jini ya daskare a jijiya. Matar da aka sallama ta komo Dutse tana bukatar a rubuta mata alamomin haɗari, da takardar da za ta nuna wa likitan gida cikin dare. Daɗin daɗawa, wasu asibitoci sukan dasa 'yan tayi uku ko fiye don a ce sun yi nasara, iyali kuma su yi murna da 'yan biyu ko 'yan uku. Irin wannan ciki yana ƙara haɗarin hawan jini da jijjiga da haihuwar bakwaini. Saboda haka hukumar da ke lura da waɗannan asibitoci a Ingila ta matsa a riƙa dasa ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, wanda ya fi tsaya wa Musulmi a rai, shi ne nasaba. A 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halaccin dashe bisa sharaɗin ƙwai da maniyyi su kasance na mata da mijin da aurensu ke raye. Sharaɗin yana hannun ma'aikacin ɗakin gwaji. A 2002 ya bayyana cewa a wani asibiti a Leeds ta Ingila an yi kuskuren haɗa ƙwan wata mata da maniyyin mijin wata, launin fatar tagwayen ne ya tona asiri. A ƙasar da miji da baƙo duk launinsu ɗaya, wa zai gane? Maganin wannan shi ne ma'aikata biyu su shaida sunan da ke jikin kowace kwalba a kowane mataki, su sa hannu. Ajiyar ma tana da nata haɗari: 'yan tayi suna kwana cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, kuma a Maris 2018 tukunyar ajiya ta lalace a Cleveland ta Amurka, aka yi asarar ƙwai da 'yan tayi wajen 4,000. Akwatin da ake renon tayi kuwa yana bukatar wutar da ba ta yankewa, don haka tambayar injin wuta da batir ba raini ba ce.

Na huɗu shi ne gaskiyar baki. Ko a Ingila, macen da ba ta kai 35 ba kimanin 1 cikin 3 ne ke haihuwa a kowane dashe, wadda ta haura 42 kuwa, da ƙwanta, rabonta bai kai 1 cikin 10 ba. Duk wanda ya yi alkawarin tabbas, ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2024 sashen binciken BBC ya fallasa masu damfara a Jihar Anambra, waɗanda ke yi wa mata allura ciki ya kumbura, su hana su awo a wani wuri, a ƙarshe su miƙa musu jaririn wata.

Ga ma'aikatan gwamnati, a 2019 Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojin gudanar da asibitocin dashe, kuma abin da Legas ta yi Jigawa na iya yi: rajista, da ziyarar ba-zata, da tilasta ajiye lissafin nasara da na haɗari, da wurin kai ƙara. Ɗalibai kuma, musamman na harshe, su sani cewa takardar amincewa da aka rubuta da Turanci aka ce matar ƙauye ta dangwala ba amincewa ba ce. A fassara ta da Hausa bayyananniya, a karanta mata, a ba ta damar tambaya.

Haihuwa ta Allah ce, amma amanar da aka ba asibiti abin tambaya ce tun a duniya. Allah Ya sa a dace, amin.