Daga Kangon Lebda Zuwa Badalar Kano

 Yau shirin tarihi zai bi tsohuwar hanyar fatake ta Agadas da Gadamas har gaɓar teku a Libiya, inda kangon birnin Lebda yake, wanda Rumawa ke kira Leptis Magna, kimanin kilomita 120 gabas da Tarabulus. Finikiyawa ne suka kafa shi, amma ya yi tashe a zamanin ɗan garin, Septimius Severus, wanda aka haifa a shekara ta 145, ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211. Ya ƙawata mahaifarsa da babban dandali da zauren shari'a da titi mai jerin ginshiƙai har tashar jiragen ruwa. A kasuwar garin har yau akwai dutsen awo da aka fafe wa ramuka, mudunsu ke nan. UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1982.

Wanda ya ga hotunan Lebda yakan ce ai su da dutse suka yi gini, mu da ƙasa, don haka zubewar badalar Kano ba laifin kowa ba ne. Ban yarda ba. Abin da ya fi tsare Lebda shi ne mutanenta sun watse bayan ƙarni na 7, rairayi ya binne ta, har Italiyawa suka tono ta a shekarun 1920. Inda hannu ya kai kuwa, dutsen bai ceci kansa ba: an kwashi ginshiƙanta zuwa Faransa a ƙarni na 17, an kwashi wasu zuwa Ingila a farkon na 19.

Kano ba ta taɓa zama kufai ba. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, kuma tana tsaye da ƙarfinta sa'ad da Turawa suka zo a 1903. Ginin ƙasa ya yi kusan shekara 800 yana shan damina saboda ana bin sa da gyara: bayan ɗaukewar ruwa akan tara jama'a a yaɓe inda ya zaizaye. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san dokar. Magini ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa, ya mulmula tubali, ya ɗora azara, ya shafe soro da makuba, sannan kowace shekara a duba indararo kafin hadari ya taso. Shekarar da aka yi sakaci, a nan tsaga take farawa. Da sarauta ta daina kiran gayya, aka shiga ɗibar ƙasar badala ana yanka filaye a jikinta.

Wani zai ce zamanin yaƙin dawaki ya wuce, gari na bukatar tituna. Gaskiya ne, kuma da wannan hujja aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 aka sake ta da faɗi. Amma buɗe hanya a wuri ɗaya bai wajabta sakin sauran ba. Masallacin Jenne a Mali na ƙasa ne, a tsakiyar gari mai cike da jama'a, yana nan tun ginin 1907 saboda mutanen garin na fitowa yaɓe kowace shekara. Tun 2007 badalar Kano take jerin jiran UNESCO. Abin da badalar take nema shi ne kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, da samarin da za a danƙa wa tsofaffin magina su koya musu tubali da makuba tun suna raye.