JIRAN UBANGIJI DA ƁARAUNIYAR HANYA

Jawabin da aka gabatar a sujadar godiya ta cikar Ikkilisiya shekara 50



Mu mutanen ƙasar Bagudo mun san jira. Duk wanda ya taɓa tsayawa da kaya a Tsamiya yana so ya shiga Segbana, ko kuwa a Lolo, ya san ranar da ake sha kafin a ɗaga shinge. Ya kuma san ba a rasa mai babur a gefe wanda zai ce, "Baba, zo in bi da kai ta daji." Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ɓarauniyar hanya ta cika da mutane. Waɗansu sun tsira da kayansu, waɗansu kuwa kaya da jari duka sun tafi.

'Yan'uwa, cikin tafiyar bangaskiya ma akwai ɓarauniyar hanya. Littafin Farawa ya nuna mana Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da Allah ya kira shi da alkawari. Bayan shekara goma shiru, sai Saratu ta kawo shawarar Hajaratu. Kada mu yi saurin ganin laifinta, gama shekara goma ba kwana goma ba ce. Allah bai yashe Hajaratu da ɗanta ba, amma salama ta bar gidan nan, kuma gaggawar ba ta matso da ranar alkawari ko da kwana ɗaya ba. Sai da Ibrahim ya cika shekara 100 aka haifi Ishaku.

Bisharar da muka karɓa ma da jira ta zo. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da nufin shiga ƙasashenmu na arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans da Kent sun rasu, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke kore shi. Sai a 1902 abokan aikinsa suka kafa tasha a Patigi, a bakin wannan kogin Kwara da yake ratsa ƙasarmu. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa bai fito ba sai 1932. Biyu daga cikin ukun nan ba su ga ko mai tuba ɗaya ba, ga mu yau mun cika ɗaki.

Amma jiran Ubangiji ba zaman kashe wando ba ne. A daminar 2020 ambaliya ta cinye shinkafar manoman Kebbi ana dab da yanka. Manomi ya yi kuka, ya share hawaye, da ruwa ya janye ya nemi iri ya shiga noman rani. Haka iyayenmu suka yi da wannan Ikkilisiya: suna addu'a suna yin tubali.

Yau a cikinmu akwai 'yar'uwar da ta yi shekaru a ɗakin miji ba haihuwa, ana ta raɗa mata sunan wani boka a ƙetaren iyaka. Akwai saurayin da ya gama makaranta ba aiki, abokai suna kiransa ɗaukar kayan dare. Akwai budurwar da ake matsa wa ta bar bangaskiyarta domin aure. Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau da dama bakinmu ne yake tura su daji. Gorin da muke yi musu a gidan biki, da tambayar "har yanzu shiru?", sun fi jiran kansa ciwo. Mu dattawa mun hurta wannan laifi a gaban Allah da gabanku.

Saboda haka bayan an tashi daga sujada, Fasto da dattawa da shugabannin Zumuntar Mata za su zauna a ɗakin addu'a. Duk wanda jira ya gajiyar da shi, bari ya zo. Ba za a kira sunan kowa a gaban jama'a ba.