Raneem El Welily: Amaryar da Ta Hau Kan Duniya

Mai girma magajin gari, malamanmu na makarantu, iyayenmu maza da mata na Tajaye, ina gaishe ku.

Wasan da zan yi magana a kansa sunansa sikwash. Mutum biyu ne ake rufewa a ɗaki mai bango huɗu, tsawonsa bai kai mita 10 ba. Kowa riƙe da faifan bugu, suna dukan ƴar baƙar ƙwallon roba da ba ta wuce ƙwan zabuwa ba, ta bugi bangon gaba ta dawo. Wanda ya bari ta taɓa ƙasa sau biyu ya yi asarar maki. Mai fara kaiwa 11 ya ci zagaye.

Raneem El Welily ƴar Iskandariyya ce ta ƙasar Masar, an haife ta a 1989. Wanta ta bi zuwa filin wasa tun tana ƙarama, ta kuma ci kofin matasa na duniya sau biyu, a 2005 da 2007.

A ƙarshen 2014 ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a Alƙahira, gaban mutanenta. Abokiyar karawarta Nicol David ce ta Maleshiya. Maki ɗaya tak ya rage wa Raneem ta ɗauki kofi, kuma sau huɗu damar tana zuwa tana kuɓucewa. Nicol ta farfaɗo ta kayar da ita. Da yawa daga nan suke ajiye faifai. Ita kuwa a watan Satumba na 2015 ta sauke Nicol daga matsayi na ɗaya, kujerar da Nicol ta shafe shekara tara a kai. Kofin da ya suɓuce mata ta ɗauke shi a Mancesta ta Ingila a 2017.

To iyaye, ga inda nake so ku saurara da kyau. A 2014 ta yi aure, da ɗan wasa irinta, Tarek Momen. Matsayi na ɗaya da kofin duniya duk tana ɗakin mijinta ta same su. Shi ma ya ci nasa kofin a Doha a 2019. A watan Yuni na 2020 ta yi ritaya don kanta, tana ta ɗaya a duniya.

Ba ɗakin sikwash na zo roƙo ba, gininsa tsada gare shi. Amma mun ga yadda Nijar ta yi murna da azurfar da Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo daga Riyo a 2016, kuma ban ga abin da zai hana wata ƴar Adar kawo irinta ba. Yarinyar da ke tsere wa maza a filin makaranta, da ta fara girma sai a ce ta koma gefe ta zauna. Malamai, ku ware wa ƴan mata lokacinsu da malamarsu a filin wasa. Iyaye, ku bar su su je.