Kunne Ya Girmi Kaka: Gwajin Ji da Karin Sautin Harshenmu

Jawabin kwamitin lafiya a taron shekara na ƙungiya



Bayan godiya ga Allah da ya sake tara mu lafiya, muna so mu yi tsokaci a kan wata cuta da ba ta zubar da jini, ba ta kwantar da mutum, amma takan raba shi da jama'a yana zaune a tsakiyarsu, wato raunin ji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan 1.5 na da raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu na bukatar kulawar masana.

Mu fara da harshenmu. Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya na sauya ma'ana. Da shi muke rarrabe kukan yaro da kukar miya, da wuyan riga da wuyar aiki. Shi ne kuma makaɗin kalangu ke kwaikwaya har a gane kirarin da yake yi. Masana sun gano cewa karin sauti yana tafiya ne a kan kaurin murya, inda kaɗawar sauti ba ta cika wuce 100 zuwa 300 a daƙiƙa ba. Amma baƙaƙe irin su s, sh, f da ts siraran sautuka ne masu kaɗawa dubbai a daƙiƙa.

A nan ne matsalar take ɓuya. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin gashi kimanin 15,000, waɗanda idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Tsufa da yawan ƙara sukan fara kashe masu karɓar siraran sautuka. Sai dattijo ya ci gaba da jin murya da karinta, amma baƙaƙen sun dushe masa, ya kasa rarrabe fata da sata, domin karinsu ɗaya ne. Shi ya sa yakan ce, "Ina ji, ganewa ce ban yi ba." Mu kuwa sai mu ce rigimar tsufa ce. Haka ma yaro mai irin wannan rauni yakan amsa kira, sai iyaye su sakankance lafiyarsa lau, alhali rabin bayanin malami na wuce shi, har a yi masa laƙabi da daƙiƙi.

Saboda haka tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne. Gwaji na gaskiya shi ne a sanya wa mutum abin sauraro a ɗaki marar hayaniya, a aika masa sautuka ɗaya bayan ɗaya, daga mai kaɗawa 250 zuwa mai 8,000, a rubuta mafi ƙanƙantar ƙarar da kowane kunne ya ji. Jariri ma ana iya gwada shi yana barci, albarkacin binciken David Kemp na Ingila, wanda a 1978 ya gano cewa lafiyayyen kunne yakan mayar da wata 'yar amsa idan sauti ya shige shi. Ƙa'idar da masana suka shimfiɗa ita ce a tantance jariri cikin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Tun da yawancin matanmu a gida suke haihuwa, abin koyi gare mu shi ne aikin Dakta Bolajoko Olusanya a Legas, wadda ta nuna cewa ana iya yin wannan gwaji a wurin allurar rigakafin jarirai.

Wani darasin daga ƙasar Sin ya zo, inda Sinancin Mandarin ke da karin sauti 4. Masu kurumta mai tsanani akan dasa musu na'ura a kunne, wadda wayoyinta 12 zuwa 22 ke ƙoƙarin maye gurbin dubban ƙwayoyin nan. Bincike a can ya nuna cewa na'urar na isar da baƙi da wasali fiye da yadda take isar da karin sauti, kuma yaran da aka dasa wa da wuri sun fi ƙwarewa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Gwajin fahimtar magana da aka gina da kalmomin Turanci ba zai auna duk abin da kunnen Bahaushe ke bukata ba. Muna kira ga 'ya'yanmu da ke jami'o'i, likitoci da masana harshe, da su haɗa kai wajen inganta irin wannan gwaji da Hausa.

Rigakafi dai ya fi magani. Duk wanda ya tashi daga sanƙarau, cutar da ta yi mana mummunar ɓarna a 1996, ko zazzaɓin Lassa, a gaggauta gwada jinsa. Kunne mai zubar da mugunya a kai shi asibiti, a bar ɗiga masa mai ko tura masa tsinke. Allurai irin su jentamaisin na iya kurumtarwa, kada a yi su sai da umurnin likita. Masu injin niƙa da maƙera da masu kwana kusa da janareta su sani cewa ƙarar da ta kai desibel 85 tana lahani idan aka daɗe cikinta. Alamarta ita ce sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji.

Daga ƙarshe, muna roƙon wannan taro ya amince da ware ranar 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya, don gayyato ma'aikata su gwada ɗaliban firamare da dattawanmu, kuma asusun ƙungiya ya ɗauki kuɗin motar waɗanda aka tura Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Waɗanda jinsu ba zai dawo ba kuwa, haƙƙinsu ne mu kai su makaranta, mu ma mu koyi maganar hannu. Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, domin ta kunne tarihin gari ke isa ga jikoki. Mu kiyaye shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.