FILIN JIRGIN SAMAN IKKO: WA KE BA DA HAYA, WA KE SA IDO?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron reshen Jam'iyya na Agege, a gaban 'yan Arewa mazauna Ikko. An buga shi domin waɗanda ba su sami halarta ba, har da na Badun, Fatakwal da Inugu, gama abin da ya ƙunsa ya shafi duk garin da ke da filin jirgin sama.



Duk wanda ya taɓa kwana a Agege, ko Shasha, ko Mafoluku, ya san ƙarar jirgi. Filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja maƙwabcin kowa ne a nan, kuma abincin mutane da yawa a gindinsa yake: 'yan canji, 'yan dako, masu shara, masu gadi, direbobin tasi, masu shayi da masu tsire. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san mai ƙasar da suke tsaye a kai, ko wanda ya sa hannu a takardar aikin da suke ci. Saboda haka ranar da rigima ta tashi tsakanin manya, su ne ke fara kwana da yunwa.

Da farko ya kamata a san matsayin doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta ran 29 ga watan Maris, 1978, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Shi ke ba da izinin zama a cikin birni, Ƙaramar Hukuma kuwa a ƙauye. To amma dokar ta keɓe ƙasar da ke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta. Tsarin Mulki na 1999 shi ma ya sa sha'anin jiragen sama da filayensu cikin jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Mai riƙon filin ita ce Hukumar Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, watau FAAN, wadda dokar 1996 ta kafa a madadin hukumar farko ta 1976. Ma'ana, babu baale, babu ɗan unguwa, babu ciyaman da ke da ikon sayar da taƙi ɗaya na wannan ƙasa ko ba da ita haya. A 2023 an rushe waɗansu gidaje a Ajao Estate bisa dalilin cewa sun shiga harabar filin, alhali masu su sun zuba dukiya mai yawa wajen ginawa.

Hukumar da kanta tana ba da haya, kuma a nan ne babbar matsala take. A 1998 ta ba kamfanin AIC na marigayi Cif Harry Akande hayar wani yanki na tsawon shekara 50 domin gina otal. Ba a daɗe ba ta tsai da aikin. A 2010 mai sulhu ya yanke cewa hukumar ta biya kamfanin fiye da dalar Amurka miliyan 48, magana ta yi ta yawo a kotuna har ta kai Kotun Ƙoli ta Ingila a 2022. Shekara 24 ke nan daga sa hannu zuwa wannan shari'a, ba a ga otal ba, ba a kuwa ɗauki ko da mai gadi ɗaya a cikinsa ba.

Haka kuma bayan gobarar da ta cinye tashar jiragen cikin gida a 2000, an ƙulla yarjejeniya da kamfanin Bi-Courtney a 2003, cewa ya gina sabuwa da kuɗinsa, ya gudanar da ita, sa'an nan ya mayar wa gwamnati. An buɗe ta a 2007. Daga baya aka shiga jayayya a kan tsawon wa'adin, wannan ya ce shekara 12, wancan ya ce 36. Lalle abin mamaki ne a ce dukiyar jama'a mai girma haka an yi shekaru ana gardama a kan abin da takardarta ta ƙunsa. Da an karanta ta a bainar jama'a tun ranar sa hannu, da gardamar ba ta sami gindin zama ba.

Sai kuma kwangilolin aiki. Dakon kaya da hidimar jirage a ƙasa sun koma hannun 'yan kasuwa: kamfanin NAHCO da gwamnati ta kafa a 1979 ya shiga kasuwar hannun jari a 2006, SAHCOL kuwa an sayar wa rukunin Sifax a 2009. A 2007 an ba kamfanin Maevis aikin tattara kuɗin shiga na hukumar ta hanyar kwamfuta, a 2012 aka raba gari da shi cikin rikici. Daɗin daɗawa, a watan Mayu na 2023 gwamnati mai barin gado ta amince da jinginar da filayen Abuja da Kano ga wani kamfani na waje, sabon minista ya dakatar da shirin cikin shekarar nan.

Abin da ya shafi talaka a nan shi ne yadda aiki ke gangarowa. Sau da yawa babban ɗan kwangila yakan yanka wa ƙarami, ƙarami ya yanka wa mai kawo leburori, shi kuma ya ɗauki yara da baki, ba takarda. Ranar da aka soke kwangila a sama, manya su ɗauki lauyoyi, lebura kuwa ya tarar an hana shi shiga ƙofa, albashinsa na baya ya bi ruwa. Alhali Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da kama aiki, kuma a 2024 an kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ga duk ma'aikatar da ke da mutum 25 ko fiye.

To ina Ƙaramar Hukuma a cikin wannan al'amari? A cikin shinge ba ta da iko. Amma a bayan shinge Tsarin Mulki ya ɗora mata kasuwanni, tashoshin mota, rumfuna da shaguna, gidajen abinci, kwashe shara da harajin gidaje. Wannan shi ne ainihin inda 'yan Arewa ke neman abinci. Mai rumfa a bakin hanyar filin jirgi yakan biya kuɗin tikiti kullum, ya ɗauka ya sami gindin zama. Tikiti kuwa shaidar biyan kuɗin kasuwa ce, ba ya mai da ƙasar wani ta zama taka. Idan hukuma ta karɓi kuɗin mutum tana sane da cewa wurin na Tarayya ne, ranar rusau kuma ta noƙe, ta ci amanarsa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Da can ana cewa ƙananan hukumomi ba su da ƙarfi domin gwamnoni sun riƙe kuɗinsu. Ran 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Ko da aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, ya ba jama'a hujjar tambaya. Bugu da ƙari, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum, har da kansila, damar rubuta wa hukumar Tarayya ya nemi takarda, a ba shi amsa cikin kwana 7, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Babu abin da ya hana majalisun Ikeja da Oshodi-Isolo su nemi taswirar iyakar filin, su manna ta a sakatariya da kasuwanni, kowa ya gani.

Saboda haka Jam'iyya tana kira ga 'yan Arewa mazauna kudu da su riƙe abu 4. Kada kowa ya biya kuɗin fuloti ko rumfa kusa da filin jirgi sai ya bincika a ofishin ƙasa na jiha da ofishin hukumar filin. Kada saurayi ya kama aiki da ɗan kwangila sai da takarda mai sunan kamfani da adadin albashi. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su ajiye rasit na kowane kuɗi da aka biya hukuma. Sa'an nan wanda ya zauna a gari shekara da shekaru ya mai da rajistar zaɓensa inda yake zaune, gama kansila ba ya sauraron wanda ƙuri'arsa ke Katsina ko Sakkwato.

Ana fata a taro na gaba kowace unguwa ta zo da jerin sunayen masu rumfuna da leburorinta, da kwafin takardun da ke hannunsu, domin a gabatar wa kansiloli. Allah ya kiyaye dukiyar jama'a, ya ba da zaman lafiya.