Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Hanyar Gano Matsalar Ruwan Burtsatse a Gida

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu gidaje da masu gyaran famfo

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa kiran mai gyara saboda ruwa ya ɗauke a gidansa ya san hukuncin da ake saurin yankewa: "Alhaji, samo ne ya ƙone." Nan take a tara matasa, a jawo bututu ɗaya bayan ɗaya, a sayo sabon inji, bayan mako biyu kuma a koma gidan jiya. Abin da wannan takarda take son tabbatarwa shi ne, fito da samo, wato injin da ke nutse a cikin rijiya, daga rami shi ne matakin ƙarshe. Ruwa kafin ya iso bakin famfo sai abu huɗu sun haɗa kai: wuta, inji, rijiya da bututu. Mai hikima yakan fara bincike daga abin da ke sama mai arha, kafin ya taɓa abin da ke ƙasa mai tsada.

Awo kafin zato

Kayan aiki na farko jarka ce da agogon waya. A buɗe ruwan a bakin rijiya, kafin ya hau tanki, a ga daƙiƙa nawa jarka mai lita 25 take ɗauka ta cika. Idan ta cika a daƙiƙa 50, injin yana ba da lita 30 a minti, wato lita 1,800 a awa. Wanda ya rubuta wannan adadi tun ranar da aka kafa inji yana da abin kwatance; wanda bai rubuta ba sai dai ya ce "da ya fi haka ƙarfi", kuma da wannan magana ba a gyara komai.

Amfanin yin awon a bakin rijiya shi ne ya raba gardama gida biyu. In ruwa na fita da ƙarfinsa a nan, to laifin yana tsakanin tanki da famfunan gida, babu ruwan samo.

Idan inji ya yi shiru

A fara da wuta. Injinan gida an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, amma kowa ya san irin wutar da ake kawo wa unguwanninmu da yamma, wadda ko fanka da ƙyar take juyawa. Wuta marar ƙarfi takan sa inji ya yi gurnani bai tashi ba, ya ɗau zafi, har maɓallin kariya da ke cikin akwatin kunnawa ya katse shi. Haka ƙaramin janareta: injin doki ɗaya wat 746 ne a lissafi, amma lokacin tashi yakan ja ninkin wutar da yake ci yana aiki sau da dama. Siririyar waya da aka ja ta nesa ita ma tana cinye ƙarfin wuta a hanya.

In wuta lafiya, sai a duba fiyus, da kafasita da ke cikin akwatin, da kuma ƙwallon da ke shawagi a tanki yana kashe inji in ya cika. Kafasita da ta kumbura ko ƙwallon da ya maƙale sun sha jawo wa samo mai lafiya hukuncin kisa, alhali kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Idan ruwa ya zo ya ɗauke

Nan ne nake son mu daɗe, domin nan aka fi asara. Alamar ita ce: a kunna inji ruwa ya zo da ƙarfi, bayan 'yan mintoci ya fara tari yana fesar iska, sannan ya tsaya. A kashe, a jira awa guda, a kunna, ya dawo kamar ba shi ba.

Injin ba shi da laifi, rijiyar ce ba ta iya biyan buƙatarsa. Bututun rijiya mai faɗin inci 5 yana riƙe kimanin lita 12 a kowace mita. Idan ruwan da ke saman samo ya kai mita 20, lita 240 ke nan a ajiye. Injin da ke jan lita 30 a minti zai kwashe su cikin minti 8, in abin da ke tsattsafowa daga ƙasa kaɗan ne. Daga nan sai ya koma shaƙar iska. Shi kuwa samo ruwa ne ke sanyaya shi, in ya daɗe yana juyi a bushe, ƙonewar da ake tsoro ta tabbata.

Wannan ya danganta da ƙasar da aka haƙa. Yawancin Kano, Zariya da Kaduna a kan dutse suke zaune, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagoginsa, shi ya sa rijiyar maƙwabci za ta wadata taka ta yi ƙwauro. Yankin Sakkwato da na Tafkin Chadi kuwa ƙasa ce mai shimfiɗar yashi, ta fi riƙe ruwa, sai dai rijiyar da ba a sa mata matata da tsakuwa yadda ya kamata ba takan turo yashi. Ko'ina dai, ruwan ƙasa ya fi yin nisa a bazara, watannin Afrilu da Mayu, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Magani shi ne a daidaita inji da rijiya: a ɗan rufe makunnin bakin rijiya don jan ruwa ya ragu, a riƙa bugawa kaɗan-kaɗan ana hutawa, ko a sa na'urar da ke kashe inji in ruwa ya ƙare. In akwai sauran zurfi, ana iya ƙara saukar da samo, amma kada ya zauna a gindin rami inda laka take. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayo inji mafi girma. Babban guga ba ya ƙara wa rijiya ruwa, saurin ƙafar da ita kawai yake yi.

Idan inji na aiki amma ruwa ba ƙarfi

Mitar auna wutar da inji ke ja tana magana a nan. A kwatanta abin da ta nuna da abin da aka rubuta a jikin inji ko takardarsa. In ya haura sosai, wani abu ya cije shi, galibi yashi. In ya faɗi ƙasa sosai, yana juyi ne ba kaya. A kuma kasa kunne a bakin rami: ƙarar zubar ruwa a ciki tana nuna bututu ya fashe ko mahaɗa ta kwance. Yashin da ke taruwa a gindin bokiti kuwa shaida ce cewa fikafikan injin suna cinyewa.

Masu injin sama a kan rijiyar hannu su tuna cewa ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. In ruwa bai yi wannan nisa ba, a duba bawul ɗin ƙarshen bututu. In yana yoyo, sai an ɗura wa inji ruwa kullum kafin ya kama.

Idan tanki cike yake, famfo na ɗiga

Ƙarfin ruwan gida daga tsayin tanki yake zuwa: kowace mita 10 tana ba da kimanin bar ɗaya a ma'aunin matsi. Tankin da ya ɗara shawa da mita biyu kacal ba zai yi abin kirki ba. In da can yana da ƙarfi ya rage, a nemi laka a gindin tanki, tsatsa a tsohon bututun ƙarfe, toshewar matata, ko iskar da ta shiga bututu bayan tanki ya ƙafe.

Kammalawa

Kafin a taɓa waya ko a jawo samo, a katse wuta gaba ɗaya. Kada a shiga rijiya da janareta ko injin fetur a kunne a kusa, hayaƙinsa na kisa. Bayan an mayar da inji, a wanke rijiyar da kulorin kafin a sha.

Roƙona ga masu gidaje shi ne, ku karɓi bayani huɗu daga mai haƙa kafin ku sallame shi: zurfin rami, inda ruwa ya tsaya, inda aka rataye samo, da yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa. Ku rubuta, ku ajiye tare da takardun gida. Ranar da ruwa ya ɗauke, wannan 'yar takarda ce za ta faɗa wa mai gyara ko rijiya ce ta hana ko guga.