Kwanon Mai Ciwon Suga

Yau maganarmu a kan kwano ce, kwanon da muke kai wa mai ciwon suga a gadon asibiti.

A asibitocinmu da yawa, daga gida ake kawo abinci. Sai 'yan dubiya su shigo da lemon kwalba da kunu cike da sukari, don ƙauna. Wannan zaƙin yana tayar da suga, yana hana miki warkewa.

Ku kai faten acca, ko wake, ko tuwo ɗan kaɗan da miyar ganye. Kuma ku kai da wuri. In an yi allurar insulin abinci ya makara, suga kan faɗi, gumi da karkarwa su biyo baya.

Mai jinya, kafin ki buɗe kwano, tambayi nas. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.